Me Ake Nufi da "Cire Katalis" a Salansar Mota?

Idan ƙaramar mota ta fara nauyi a hanya, ana taka totur tana gurnani amma ba ta gaba, maganar da mai ita yakan fara ji a gareji ita ce katalis ɗinta ya toshe, sai an cire. Wasu makanikai indomi suke ce masa, saboda kamannin abin da ke cikinsa. Masu mota da yawa sukan amince nan take, alhali ba su san me za a cire ba, ba su san aikinsa ba, kuma ba su tambayi inda za a kai shi bayan an cire ba.

Katalis wata tukunyar ƙarfe ce da ke kan bututun hayaƙi, tsakanin injin da tukunyar salansa ta baya. Mutane kan haɗa su biyun, amma aikinsu daban. Ta baya ƙara take ragewa, shi kuwa katalis guba yake ragewa. A ƙananan motoci da yawa yana manne da injin ɗin kansa, daidai inda hayaƙi ke fitowa, don ya yi saurin ɗaukar zafi. Idan aka yanka tukunyar za a ga dunƙulen tangaran mai ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, sau da yawa ramuka 400 a kowane murabba'in inci. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinum, faladiyum da rodiyum. Duka-duka ba su wuce 'yan giram ba, amma an baza su yadda duk hayaƙin da zai wuce sai ya goge su.

Fetur ba ya ƙonewa tas a cikin injin. Akwai abubuwa uku masu cutarwa da ke fita tare da hayaƙi: iskar kabon monoksaid, ragowar man da bai ƙone ba, da iskar naitrojin oksaid wadda zafin injin ke haifarwa. Filatinum da faladiyum suna taimaka wa biyun farko su haɗu da oksijin su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa. Rodiyum kuma yana raba ta ukun, ta koma naitrojin, wadda dama ita ce kaso mafi yawa na iskar da muke shaƙa. Ƙarafan ba sa ƙarewa a cikin wannan aiki, hanzarta shi kawai suke yi, shi ya sa katalis mai lafiya kan yi shekaru da yawa ba a taɓa shi ba. Sai dai ba ya fara aiki sosai sai zafinsa ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya yi zafi, injin kuma yana lafiya, yakan kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi. Kabon dayoksaid kam ba ya rage ta, don haka ba shi ne maganin ɗumamar yanayi ba. Aikinsa kare huhun mutanen da ke kusa da bututun.

Injiniya Bafaranshe Eugène Houdry, wanda ya koma Amurka da zama, ya ƙirƙiro irin wannan na'ura tun a shekarun 1950, amma ba ta yaɗu ba, domin fetur na lokacin akwai dalma a ciki, ita kuma dalma rufe ƙarafan take yi ta kashe su. Sai da Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1970, sannan yawancin motoci ƙirar 1975 suka fito da katalis tare da fetur marar dalma. Turai ta bi baya a farkon shekarun 1990. Ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci ita ce Aljeriya, a 2021.

To cirewar kanta iri biyu ce. Akwai wadda ake yanke tukunyar gaba ɗaya a yi waldar miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Akwai kuma wadda ta fi yawa: a kwance tukunyar, a zura rodi a farfasa tangaran ɗin, a zazzage shi, a mayar da fankon. Wani lokaci ma a tsaga ta ta sama, wajen da ido ba ya kai, a kwashe cikin a sake walda. Wanda ya leƙa ƙarƙashin motar zai ga komai a wurinsa, amma idan ya ƙwanƙwasa tukunyar da sifana zai ji ta amsa fayau, don babu komai a ciki. Ƙurar da ke tashi wajen fasawar nan ba abar shaƙa ba ce.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce motar za ta sami numfashi, ta ƙara ƙarfi, ta rage shan mai. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, kuma ita ce ke ruɗar mutane. Idan katalis ya riga ya narke ya toshe, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, injin yana shaƙewa, to cire shi zai sa motar ta farfaɗo nan take. Amma ƙarfin da ta samu ba ƙari ba ne, nata ne na asali da ya dawo, kuma sabon katalis ma zai dawo mata da shi. Idan kuwa lafiyarsa ƙalau aka fasa shi, a ƙaramin injin da ba shi da turbo, wato na'urar ƙara wa injin ƙarfi, bambancin ƙarfin bai kai direba ya ji shi ba. Abin da yake ji ƙara ce ta ƙaru, kunne kuma yakan fassara ƙara da gudu. Shan mai ma haka: ba katalis ke auna man da ke shiga injin ba.

Mai auna shi kwamfutar motar ce, da taimakon sansar oksijin. Motocin zamani suna da aƙalla guda biyu, ɗaya kafin katalis, ɗaya bayansa. Ta gaban ce ke gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don a riƙe ma'aunin kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, wanda a nan ne katalis ya fi aiki. Ta bayan kuwa babban aikinta sa ido: tana duba ko hayaƙin ya canza bayan ya ratsa tukunyar. Idan aka fasa cikin, sansa biyun za su riƙa ba da labari iri ɗaya, kwamfuta ta gane babu aikin da ake yi a tsakaninsu, sai ta kunna wutar injin a dashbod. A motocin da ke bin tsarin gano matsalar mota na OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, lambar da na'urar bincike ke nunawa yawanci P0420 ce.

Nan ne wata ɓarnar take, wadda ba a cika faɗa ba. Wutar injin guda ɗaya ce, kuma ita ce ke kunnawa ga ɗaruruwan matsaloli. Da zarar ta zauna a kunne dare da rana saboda katalis, direba zai saba da ita. Ranar da wata sansa ta lalace, babu sabuwar alamar da zai gani. Wasu kan nemi a rufe bakin wutar, ko dai a sa wa sansar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hanyar hayaƙi, ko a sake rubuta manhajar kwamfutar, ko ma a cire ƙwan fitilar dashbod ɗin. Na ƙarshen nan shi ya fi muni, domin ya makantar da motar gaba ɗaya.

Tambayar da ya kamata a fara yi, a ganina, ita ce me ya kashe katalis ɗin. Da wuya ya mutu don kansa yana da ƙuruciya. A Amurka doka ta tilasta wa kamfanonin mota ba da garantinsa na shekara 8 ko mil 80,000, kuma da yawa kan wuce haka nesa. Abin da ya fi kashe shi injin da ke tsallake wuta ne. Fulogi ko kwayil ya gaji, wata silinda ta kasa ƙona manta, ɗanyen fetur ya gangara cikin bututu ya je ya kama da wuta a cikin tukunyar. Zafin da ya saba aiki a kai tsakanin digiri 400 ne zuwa 800, amma a irin wannan hali yakan haura 1,000, har tukunyar ta yi ja, ramukan su narke su manne. Shi ya sa idan wutar injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, gargaɗi ne cewa ana cikin ƙona katalis a lokacin, a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Sai kuma injin da ke shan baƙin mai saboda ringi sun sake, wanda tokar man ke lulluɓe ƙarafan, da gaskit ɗin kan injin da ya ƙone yana zubo ruwan lagireto cikin hayaƙi. Bugu daga ƙasa ma, dutse ko tudun kan titi, kan fasa tangaran ɗin, a riƙa jin ƙaras-ƙaras idan injin yana tsaye a kunne.

Duk waɗannan cututtuka, ban da na ƙarshen, a injin suke. Fasa katalis ba ya gyara fulogi, ba ya mayar da ringi. Motar za ta ci gaba da zubar da ɗanyen mai ko shan baƙin mai, sai dai yanzu babu abin da zai toshe ya tona asiri. Haka kuma wanda ya sayi sabon katalis bai gyara injin ba, kuɗinsa ya zubar, domin sabon ma narkewa zai yi.

Ana iya tabbatar da toshewa kafin a taɓa shi. Bakanike mai lura yakan kwance sansar gaba ya bar ramin a buɗe na ɗan lokaci: idan motar ta sami ƙarfi, hayaƙi ne ya sami ƙofa, ke nan akwai toshewa a ƙasa. Wanda ke da kayan aiki yakan ɗaura ma'aunin matsin iska a wannan ramin, ko ya zura ƙaramar kyamara ya ga fuskar tangaran ɗin da idonsa. Wannan ya fi a yanke hukunci da jin ƙarar injin kawai, domin famfon mai da ya raunana ko matatar iska da ta cika da ƙura ma suna sa mota nauyi.

Sannan akwai maganar kuɗi, wadda ita ce ke bayan rabin shawarwarin cirewa. Yawancin filatinum da rodiyum na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su, faladiyum kuma Rasha da Afirka ta Kudu ne kan gaba. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyum ya haura dala 25,000, ninkin-ba-ninkin na zinariya. Tsohon katalis, ko da ya toshe, ƙarafansa suna nan, kuma akwai masana'antun da ke narkar da shi su tace su. Wannan ne ya haifar da yawaitar satarsa a Amurka da Birtaniya a wancan lokacin, inda ɓarawo ke shiga ƙarƙashin mota da zarto mai batir ya yanke shi cikin 'yan mintoci. Toyota Prius tana cikin motocin da aka fi hari, domin tana haɗa fetur da lantarki, injinta ba ya aiki kowane lokaci, ƙarafan katalis ɗinta ba sa saurin tsufa. Ba kowane bakanike da ya ce a cire ne ke da wata manufa ba, amma garin da aka zazzage daga tukunyar kayan mai mota ne, kuma yana da daraja.

Bayan an cire, abin da hanci zai fara lura da shi warin ɗanyen mai ne mai yaji a ido, musamman a cunkoso ko idan ana ja da baya gilashi a buɗe. Wanda hanci ba ya ji ya fi haɗari. Kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamunta na farko. Motar da ba ta da katalis tana fitar da ita ninki da yawa, kuma idan waldar da aka yi ba ta kama sosai ba, hayaƙin zai riƙa tsiyaya a ƙarƙashin kujeru maimakon ya fita ta baya. Barin kowace mota a kunne a rufaffen gareji ganganci ne, balle wannan.

Ta fuskar doka, ƙasashe sun bambanta. A Amurka dokar tarayya ta haramta cire shi daga motar da ke hawa titi. A Birtaniya motar da aka ƙera da katalis, idan babu shi, ba za ta ci gwajin shekara-shekara na MOT ba. Mai sayen motar hannu kuwa, ko a ina yake, zai iya dubawa da kansa: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya ga ko wutar injin ta kama tare da sauran fitilun dashbod. Idan ba ta kama ba, mai yiwuwa an taɓa ta. Daga nan sai ya sa a ɗaga motar ya nemi sabon tabon walda a jikin tukunyar, har da gefenta na sama.