Makaman makamashi da haɗarinsu a kan na bindiga

Makaman makamashi su ne waɗanda ke cutarwa da haske, ko zafi, ko ƙarfin lantarki da maganaɗisu, maimakon albarushi. Masu ƙera su na cewa sun fi bindiga aminci, domin babu harsashin da zai kauce ya sami wanda bai ji ba bai gani ba, babu kuma ma'ajiyar albarushi da za ta tashi.

Tarihi

Leza, wato haske mai ƙarfi da ake harbawa a siririn layi guda, ita ce ta fara jawo doka. A Oktoban 1995, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙasashe suka haramta makaman leza da aka ƙera don makantar da mutum har abada, yarjejeniyar ta fara aiki a 1998. Ido yana tattara hasken ne wuri guda, ya ƙona tantanin gani tun kafin a ƙifta, ga shi yawancin lezar yaƙi ba a ganin haskenta.

Wajen 2001 Amurka ta bayyana na'urar tarwatsa taro mai suna ADS. Ana ɗora ta a mota, tana harba igiyar lantarki da ba a gani, irin ta rediyo, mai mitar gigahaz 95, wadda ke shiga fata kamar milimita 0.4 kawai. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku mutum zai ji kamar an manna masa garwashi, dole ya gudu. Amincin nata ya rataya ne a kan gudun: wanda cunkoso ya danne, ko ya faɗi, zai ci gaba da gasuwa. A 2007 wani sojan sama ya ƙone har fatarsa ta yi bororo a wurin gwaji a jihar Jojiya. An kai ta Afganistan a 2010, aka dawo da ita ba a harba ba.

Igwar maganaɗisu kuwa, wadda ke harba dunƙulen ƙarfe da ƙarfin lantarki maimakon albarushi, sojan ruwan Amurka sun jingine ta a 2021. Layukan ƙarfen cikinta na saurin cinyewa.

Kwatanci da bindiga

Bindiga na da ƙara, rauninta a bayyane yake, harsashi kuma yakan bar shaida ga mai bincike. Leza shiru take, tana iya dukan gilashi ko ƙarfe mai sheƙi ta karkata zuwa idon wani. Hazo, ƙura da ruwan sama na rage mata ƙarfi. Su kansu masu sarrafa ta ba su tsira ba, domin ma'ajiyar lantarkin takan riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe na'ura, sai an zubar da cajin kafin a taɓa.

Illar dogon lokaci ga fata da ido har yanzu ana taƙaddama a kanta.