Tankin kifin teku da murjani a gida a Accra: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu ajiye kifin ado a Nima da Mamobi da Madina kifin ruwan daɗi suke ajiyewa, ɗan gilashi a falo da 'yan jajayen kifaye shikenan. Amma tunda bidiyon manyan tankunan teku suka cika YouTube da TikTok, masu shuɗiyar fitila ga murjani, halittar nan mai rai ta ƙarƙashin teku, yana ta rausaya, mutane suka fara tambaya ko za a iya yin irinsa a nan. Ana iyawa, sai dai abin da ke kashe irin wannan tankin a Ghana zafi ne da ɗaukewar wuta, ba rashin kifi mai kyau ba.

Ga teku nan kusa, me zai hana in ɗebo ruwa a Labadi ko Jamestown?

Ɗan'uwa kar ka fara. Ka dubi abin da gwatar Nima take kwasa in an yi ruwan sama, duk Odaw yake zuwa, daga nan Korle, daga nan cikin teku, toh wannan ruwan ne zaka zuba wa halittar da ɗan datti kaɗan ke kashe ta? Masu harkar haɗa ruwansu suke yi. Za ka sayi matatar ruwa da ake kira RO/DI, ka tace ruwan famfo har sai mitar TDS, wato mai auna abin da ya narke a cikin ruwa, ta nuna 0, sannan ka zuba gishirin da aka yi musamman don tankin teku, kamar giram 35 zuwa 38 a kowace lita, ka bar ɗan injin famfo mai kaɗa ruwa yana juya shi ya kwana. Ana auna gishirin da wata 'yar na'ura rifiraktomita, abin da kake nema 1.025 zuwa 1.026. Ruwan leda kuma kar ka yarda da shi ido rufe, kowane kamfani da irin tacewarsa, ka auna tukuna.

Gishirin Ada fa, ai shi ma daga teku ya fito?

Na miya ne wannan. In ruwan teku ya bushe a Songor abin da ake kwasa kusan duk sodiyam kulorayid ne, kalsiyam da magnesiyam da sauran abubuwan da murjani yake gina jikinsa da su basa nan yadda ake so.

Wane girma ne ake kira babba, kuma a ina zan ajiye shi?

Mu ɗauki mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, wannan lita 540 kenan. Ruwan kaɗai ya haura kilo 500, ka ƙara gilashi mai kaurin milimita 12, ka ƙara duwatsu da yashi da ƙaramin tankin da ake ɓoyewa a ƙasa inda injina suke zama, za ka ga kun doshi kilo 700 ko fiye. Saboda haka teburin da kafinta ya buga na talbijin ba zai ɗauka ba, a yi maka na ƙarfe a shafa masa fenti mai hana tsatsa don gishiri cin ƙarfe yake, kuma a sa ma'auni a tabbatar ya zauna daidai, in ya karkace ko kaɗan nauyin a gefe ɗaya zai taru, wata rana cikin dare gam ɗin ya buɗe. In gidan haya kake a bene, ka yi magana da mai gida kafin ka sa a yanka gilashi. Kuma nesa da taga, nesa da kicin, nesa da inda ake fesa maganin sauro.

Abin mamaki babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, saboda ruwa mai yawa baya saurin ɗumama ko lalacewa. Aljihu ne dai zai ji a jikinsa, kusan komai daga waje ake kawowa kuma da dala yake tafiya.

A bidiyo naga suna sa hita, ni ma sai na saya?

Waɗancan a Amurka da Ingila suke, sanyi ne damuwarsu. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 26. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido baya gani, su ke karɓar haske su ciyar da shi kuma su ke bashi launi, in ruwa ya kai 30 ya daɗe a haka sai ya kore su, ya yi fari fat, in abin bai sauya ba ya mutu. Toh ka tuna yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Accra a watan Maris da rana tsaka, ga fitilun tankin da famfuna su ma suna ƙara nasu zafin. Abin da kake buƙata injin sanyaya ruwa ne, ko ɗakin da AC baya mutuwa. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu amma tana sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri, balle lokacin hunturu da iska ta bushe. Kuma nan mutane da yawa ke kuskure, ruwan da ya ƙafe da ruwan daɗi tatacce ake cikawa, ba ruwan gishiri ba, don gishirin yana nan bai tafi ko'ina ba.

In aka yi dumsor fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita wallahi. Duk wanda ya ga 2015 ya san wuta tana iya tafiya ta wuni ta kwana. Tankin teku kuwa da famfo ya tsaya iskar cikin ruwan ta fara raguwa kenan, kuma ruwa mai ɗumi dama baya riƙe iska sosai, cikin 'yan awanni zaka ga kifi sun hau sama suna haki, daga nan sai mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gawar kuma ta ƙara ɓata ruwan. Fitila ba ita ce ta gaggawa ba, murjani zai jure kwana biyu ko uku ba haske. Motsin ruwa ne ba a wasa da shi. Don haka ka haɗa famfunan da ke kaɗa ruwa a kan inbata da batir wanda zai karɓa da kansa ko baka gida, ka ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a kusa, injin sanyaya kuma shi janareta ko sola mai ƙarfi yake so. A ganina wanda bai tanadi wannan ba bai kai ga sayen ko kifi ɗaya ba tukuna, gara ya rage girman tankin ya sa kuɗin a batir.

Na cika ruwa, gobe zan iya zuba kifi?

A'a Alhaji, sai ka yi haƙuri sati huɗu zuwa shida. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuma guba ce, sai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani sun zauna a ramukan duwatsun sun riƙa mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret wanda bashi da haɗari sosai. Za ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, kana gwadawa da kayan gwaji, ranar da amoniya da naitirait suka dawo 0 ka sa kifi biyu kawai, irin mai ruwan lemo da farin zane da yara suke kira Nemo yana da juriya. A watannin farko wata ƙasa-ƙasar gansakuka zata rufe yashi da gilashi tankin ya yi muni, kar ka ruɗe ka zubar da ruwan, wucewa take yi.

Sabon kifi kuma a fara ajiye shi a wani ƙaramin tanki daban na wasu makonni. Akwai ciwon fararen ɗigo, in ya shiga babban tanki ka shiga uku, don maganin da aka fi sani jan ƙarfe ne a ciki, shi kuma yana kashe murjani da jatan lande.

A ina ake samun murjanin, masu kamun kifi a Chorkor ba zasu samo min ba?

Gaɓar Ghana bata da irin wancan dajin murjanin, ruwanmu da laka, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku. Abin da kake gani a bidiyo yawanci daga Indonesiya da Ostireliya ya fito, ta jirgin sama, kuma masu tauri irin na dutse suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ka fara da masu laushi, sun fi yafiya. Masu taurin sai ka iya riƙe kalsiyam wajen 400 zuwa 450, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, magnesiyam wajen 1300, duk a kayan gwaji, ba hawa da sauka. Wata magana kuma saboda masu yara a gida, wasu ƙananan murjanai masu kama da fure, waɗanda ake kira zoa da paly, suna da dafi mai tsanani, a sa safar hannu da tabarau in za a taɓa, kuma kar a kuskura a dafa dutsen da suka zauna a kai, tururin kaɗai ya isa ya kwantar da mutanen gida a asibiti.

Mu da muke Kumasi, nisa da teku ba matsala?

Ba matsala tunda dama haɗa ruwan ake yi, wanda ke Aboabo ko Asawase da wanda ke Nima duk ɗaya. Wahalar a hanya take, kifin da ya sauka a filin jirgin saman Accra yana da sauran kusan kilomita 250 a gaba, a ɗauko shi cikin kula mai riƙe sanyi a cikin mota, kar a jefa shi a but ɗin bas.

In komai ya zauna, aikin ya ƙare?

Kullum akwai ciyarwa kaɗan-kaɗan da duba zafi da cika ruwan da ya ƙafe. Duk sati ko sati biyu ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan, a tankinmu na misali lita 50 da ɗoriya kenan, ka goge gilashi, ka wanke kofin sikima, injin nan mai tara datti da kumfa, warinsa sai ka toshe hanci. In zaka yi tafiya, Sallah a gida ko Umra, ka ƙulla abincin kowace rana daban-daban ka bar wa wanda zai kula, don in ka miƙa masa gwangwanin gaba ɗaya tausayi zai sa ya juye musu rabi.