Kwalbar maganin wanke ciwo: yaushe take zama matattarar cuta?

Shin ƙwayar cuta za ta iya rayuwa a cikin maganin da aka yi don kashe ta?

Sosai ma kuwa. Ƙwayoyin Pseudomonas aeruginosa da Burkholderia cepacia da Serratia marcescens suna son danshi, suna kuma jure wa magungunan wanke ciwo irin su chlorhexidine da aka sirka da ruwa, da benzalkonium chloride. A 1980, a wasu asibitoci huɗu na birnin New York, an riƙa ganin ƙwayar cepacia a gwajin jinin marasa lafiya. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga ruwan aidin ɗin da ake shafawa kafin ɗibar jini take fitowa, kuma tun daga masana'anta ya gurɓata. Ko sifirit ba ya kashe ƙwayoyin da ke ƙulle kansu cikin ɓawo, irin su Bacillus cereus.

Mene ne laifin ƙara sabon magani a kan ragowar tsoho?

A nan aka fi yin ɓarna. Ƙwayoyin suna yin wani yauƙi da ke manne wa cikin kwalba da bakin murfinta, magani ba ya ratsa shi sosai. Kana zuba sabo a kai, sai ya gurɓata nan take. Ma'aikaciyar jinya na yin haka ne don tattali, na sani, amma jaririn da za a goge wa cibiya shi ke ɗaukar nauyin wannan tattalin. Haka ma jiƙa auduga ko bandeji a bar su kwana da kwanaki cikin kwano, domin auduga tana tsotse ƙarfin wasu magungunan.

To, a daina sake amfani da kwalabe ke nan?

Inda hali, ƙaramin ƙunshi na amfani sau ɗaya ya fi. Abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta nema daga masana'antu ke nan a 2013. Inda babu hali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa hanya ga kwalaben maganin goge hannu: a zubar da ragowar, a wanke da sabulu da ruwa, a tafasa, ko a jiƙa cikin ruwan kulorin mai ƙarfin 1000 ppm (wato kashi dubu cikin miliyan) na aƙalla minti 15, a ɗauraye da dafaffen ruwa da ya huce, a kife ta bushe sarai kafin a cika.

Da wane ruwa ake sirka maganin?

Dafaffe ko wanda aka kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, ban da na famfo. A haɗa kaɗan daidai buƙata, a rubuta sunan magani da ƙarfinsa da ranar haɗawa a jikin kwalbar. Wadda ba ta da kwanan wata, a zubar da abin da ke cikinta.