Waiwaye: Gardamar nauyin jadawali a wasan besbol na jami'o'in Amurka

Duk ƙarshen watan Mayu, da zarar kwamitin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ya fitar da sunayen jami'o'i 64 da za su shiga gasar besbol ta ƙasa, sai gardama ta kaure tsakanin magoya baya. Kusan gurbi 30 ba a jayayya a kansu, domin na zakarun rukuni-rukuni ne, wato gungun jami'o'in da ke gasa tsakaninsu. Sauran kuwa kwamiti ne ke zaɓa, kuma a nan ake cusa tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: kun ci wasanni da yawa, to da su wa kuka kara?

Tushen rigimar wani ma'auni ne da ake kira RPI. A 1981 aka fara amfani da shi a ƙwallon kwando, daga baya besbol ya ara. Lissafinsa kashi uku ne. Kashi 25 cikin ɗari nasarorin ƙungiya ne da kanta, kashi 50 nasarorin waɗanda ta kara da su, sauran 25 kuma nasarorin abokan karawar waɗancan. Wato kashi 75 na makin ƙungiya ba a hannun 'yan wasanta yake ba. Idan ka doke ƙungiyar da ta ci wasa 10 ta faɗi 40, rubu'inka zai ɗan ɗaga, amma raunin tarihinta zai shiga cikin rabin nan mai nauyi ya ja ka ƙasa. Idan kuma wadda ta ci 40 ta faɗi 10 ce ta doke ka, makinka na iya hawa. Magoya baya da yawa sun kasa haɗiye wannan, kuma suna da gaskiya.

Sai batun sanyi. A tsakiyar Fabrairu ake buɗe kaka, lokacin da filayen Michigan da Ohio da Minnesota ke ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Dole ƙungiyoyin arewa su shafe makonnin farko suna yawo a kudu, suna wasa a gidan wasu bayan atisaye a rufaffen ɗaki. Takwarorinsu na Florida da Texas da Louisiana kuwa suna zaune a gida, baƙi na zuwa musu. Tun da Ohio State ta ɗauki kofi a 1966 har zuwa 2025, babu wata ƙungiya da ta sake ɗauka da sunan Big Ten, babban rukunin jami'o'in arewa. Michigan ta kai wasan ƙarshe a 2019, Vanderbilt ta tare ta.

An yi gyara sau biyu. A 2008 aka tsayar da rana ɗaya ta fara kaka ga kowa, don kada na kudu su riga kowa tara wasanni. A 2013 aka canza nauyin nasara: cin wasa a waje ya zama 1.3, a gida 0.7, faɗuwa a gida 1.3, a waje 0.7, filin da ba na kowa ba kuma 1. Gyaran ya taimaka, sai dai rubu'in farko kawai ya taɓa. Rabin da ke yanke hukunci yana nan yadda yake.

Shi ya sa manyan rukunai ke ci gaba da cin moriya. Ƙungiyoyin SEC, babban rukunin jami'o'in kudu maso gabas, sukan tara nasarori a gida kafin a shiga wasannin rukuni, sannan su buga wasa 30 tsakaninsu, kowa na shafa wa ɗan'uwansa maki. Ƙaramar jami'a ba ta da wannan damar. Wasa 56 ne iyakar abin da doka ta yarda a kaka, kusan rabinsu da 'yan rukuninta ne, kuma tafiya nesa neman manyan abokan karawa kuɗin jirgi da otal take ci.

Shekarar 2022 ta ba kowane ɓangare hujja. Rutgers ta rukunin Big Ten ta ci wasa 44 ta faɗi 15, aka bar ta a gida saboda saukin jadawalinta na wajen rukuni. Ole Miss, wadda ta ci 14 ta faɗi 16 a SEC, ta samu shiga da ƙyar, ta tafi Omaha, birnin da ake buga zagayen ƙarshe, ta ɗauko kofi. Masu goyon bayan SEC suka ce ga amfanin gogewa da manya nan. Na arewa suka ce ai wanda ba a buɗe wa ƙofa ba, ba za a san abin da zai yi ba.

Abin da ya fi ɓata sunan ma'aunin shi ne soke wasannin tsakiyar mako a watan Mayu. Koci ya duba lissafi ya ga ko ya ci ƙaramar ƙungiya makinsa zai sauka, sai a fasa wasan, wani lokaci a fake da hasashen ruwan sama. 'Yan wasan ƙaramar jami'ar su ne ke asara.

Ƙwallon kwando na maza ya yi watsi da RPI a 2018 ya koma ma'aunin NET. Besbol bai bi sahu ba. A 2025 SEC ta shigar da ƙungiyoyi 13 cikin 64, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma ɗaya daga cikinsu, LSU, ta ɗauki kofin, na shida a jere ga rukunin tun daga 2019 (ba a buga gasar ba a 2020).