Kula da tsohuwar motar kwana domin doguwar tafiya

Motar kwana ƙaramar bas ce wadda aka cire kujerunta na baya aka sa mata gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ma'ajiyar kaya, yadda matafiyi zai yi girki ya kwana a cikinta duk inda dare ya riske shi. Waɗanda suka yi karatun Faransanci suna ce mata kamfinkar. Wadda ta fi shahara ita ce Volkswagen Kombi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950 kuma aka ci gaba da yin ta a Burazil har 2013. Kamfanin Westfalia ne ya yi suna wajen mayar da ita ɗaki. Akwai kuma Mercedes 207D, da Peugeot J5, da Toyota Hiace wadda aka soma fitarwa a 1967. A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa sun ƙetaro Sahara da tsofaffin motoci ta Tamanrasat, Asamaka, Arlit da Agadas, wasu suka sayar da su a Nijar, kuma tun lokacin makanikan Damagaram suka saba da cikin irin waɗannan injina.

Littafin da ke zuwa da motar an rubuta shi ne da yanayin Turai a zuciya. Wanda zai tashi daga Zinder zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ta Maraɗi, Birnin Ƙonni da Doso, ko ya nufi Agadas ta Tanut, kimanin kilomita 450, yana fuskantar zafi da ƙura da gargada waɗanda littafin bai yi lissafinsu ba, saboda haka ya kamata ya rage tazarar da aka rubuta tsakanin dubawa da dubawa, sau da yawa zuwa rabi.

Zafin inji

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Zinder yakan haura digiri 40, kuma a nan ne tsohon inji yake nuna rauninsa. A motar da ake sanyaya ta da ruwa, abin da ya fi ɓata radiyeta shi ne ruwan rijiya ko na famfo, domin yana barin farin gishiri a cikin ƙananan bututun har su toshe. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ke hana tsatsa. Murfin radiyeta, duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke riƙe matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) wanda ke sa ruwan ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, kuma idan robarsa ta bushe motar za ta riƙa zubar da ruwa a kan hanya alhali injin lafiya lau yake. Ana kuma duba gaban radiyetar da ido: bayan tafiyar kaka za a tarar ƙarangiya da fara da ɓurɓushin ciyawa sun liƙe a tsakanin haƙoranta, sai a wanke su daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi.

Akwai al'adar cire tamostat, wato ɗan ƙyauren da ke hana ruwa zuwa radiyeta har sai inji ya ɗumama, da zarar mota ta fara zafi. Wannan kuskure ne, domin yana ɓoye ainihin ciwon, kuma da sanyin asubahin hunturu injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ci mai, ya ci kansa.

Tsohuwar Kombi mai sanyaya da iska ba ta da radiyeta, rayuwarta tana rataye ne a kan bel ɗin fanka da baƙin mai. Idan bel ɗin ya tsinke, fitilar caji za ta kama, kuma direban da bai tsaya nan take ba zai ƙone injin cikin ƴan mintoci. Ana yi mata juyen mai a kowace kilomita 5,000 ko ƙasa da haka, a daidaita tazarar bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙin injin, a kan milimita 0.15 lokacin da injin yake da sanyi, a kuma tabbatar robar da ke zagaye da ɗakin injin tana nan, don kada ya riƙa shaƙar iskar da ya riga ya ɗumama.

Ƙura da mai

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Matatar iska ta takarda ana buɗe ta kowace safiya a doguwar tafiya, a kakkaɓe ta a hankali, a ɗaga ta wajen hasken rana. In haske ya ratso ta wani rami, ta gama aiki, domin rairayin da ya wuce ta nan kai tsaye yake zuwa ya goge fistin. Tun 2011 matatar SORAZ da ke arewacin Zinder take samar da esansi da gazuwal, amma a ƙauyukan hanya sau da yawa man kwalba ne kaɗai ake samu, kuma yakan zo da datti ko ruwa. Ana tace shi da kyalle mai tsabta a bakin mazurari, a riƙe matatar man mota (filta) guda biyu a ajiye, kuma mai motar gazuwal ya koyi fitar da iska daga famfon mai da hannunsa tun yana gida.

Taya, birki da nauyi

Motar kwana kullum a cike take, kuma nauyi ne ke kashe tayarta. Yawancin irin waɗannan motoci an ƙayyade musu kada su wuce kilo 3,500 da komai da komai, wasu ma ƙasa da haka sosai, ga shi kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkoki huɗu masu lita 25 sun zama kilo 100 kafin a ɗora buhun shinkafa. Tayar da ta dace ita ce ta ɗaukar kaya, mai harafin C a bayan lambar girmanta. Shekarun taya suna rubuce a gefenta da lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo mai zane sosai amma ta kusa shekara goma, ta tsattsage a gefe, ita ce ke fashewa da tsakar rana a kan kwalta mai zafi. Ana auna iska da safe kafin a tashi. A rairayi ana rage ta don kada motar ta kafe, a mayar da ita da zarar an hau kwalta, abin da ke buƙatar famfo a cikin mota. Safaya biyu ta fi ɗaya, tare da jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi a kai.

Man birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Gargada kuma tana kwance noti, sai a bi ƙasan motar da sifana bayan kowace doguwar hanyar burji.

Ɗakin kwana

Ɗakin yana da nasa batir, dabam da na tayar da inji, don kada fitila da firij su shanye na motar a daji. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 in an kashe inji, kuma tsakanin 13.8 da 14.4 in injin yana aiki. Zafi yana ƙafar da ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Faranti ɗaya na sola a rufi yana amfani ƙwarai a ƙasar da rana ba ta yankewa, in dai ana share ƙurarsa.

Gas shi ne abin da ba a yi masa sakaci, domin a nan rai ne a ciki. Ana shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa to akwai yoyo. Ana rufe tukunyar kafin a kwanta da kuma lokacin tafiya. Ba a kuma kunna murhu ko garwashi a rufaffiyar mota don jin ɗumi da daren hunturu, saboda iskar da ke fita ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Robar tagogi da ta rufi rana ce ke busar da ita, sai ruwan Agusta ya ratsa ya ruɓar da katakon ciki, don haka ana liƙe su a watan Mayu. Motar da za ta daɗe a ajiye ana kai ta inuwa, a cire kan batir, a kwashe duk wani abinci saboda ɓera da ke cin waya, a kuma fita da ita ta yi ƴan kilomita duk bayan mako biyu.