Waiwaye: Yadda likitan borin jini ya samu kujera a asibitocin Saudiyya

A gidanmu da ke bayan Shari'a Mansur a Makka aka yi wannan gardama, bayan sallar isha'i, ana shan shayi. 'Yar yayata ta kammala shekara huɗu na ƙwarewa a fannin yara, sai ta ce za ta nemi zamala, wato ƙarin horon ƙwarewa, a hasasiyya da mana'a, fannin borin jini da garkuwar jiki. Gwaggona, wadda ita ce kakar gidan, ta ajiye kofinta ta ƙirga da yatsu: shida a kulliya, ɗaya na imtiyazi, wato shekarar sanin makamar aiki, huɗu a asibiti. "Ke 'yar nan, shekara goma sha ɗaya ana ɗawainiya da ke, ƙarshenta ki zama likitar atishawa?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai atishawar ma ta san inda take kai mutum."

Ban ga laifin gwaggo ba. Abin da Larabawa suka tattara a kalma ɗaya, hasasiyya, mu a Hausa a warwatse yake. In fata ta tashi da ruɗu-ruɗu bayan an ci kifi ko gyaɗa, borin jini ne. In ƙirji ya riƙe yana fito, fuka ce ko asma. In hanci ne da ido, mura ce kawai mai naci. Ba wanda ya taɓa ce mana uwarsu ɗaya, balle a ce akwai likitan da aikinsa ke nan.

Amma an daɗe da lura da abin. Abubakar al-Razi, likitan Rayyi da Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya yi rubutu a kan murar da ke kama mutum lokacin da wardi ke fure, ya kuma danganta ta da shaƙar furen. Daga nan aka yi dogon shiru kafin a gane yadda abin ke aiki a cikin jiki. A 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suna ƙoƙarin saba wa karnuka da dafin wata halittar teku don jikinsu ya jure. Sai aka samu akasi: karen da ya sha allurar farko lafiya lau, da aka ƙara masa ɗan kaɗan bayan makonni sai ya faɗi ya mutu nan take. Wannan binciken ne ya kawo wa Richet kyautar Nobel a 1913. A 1906 likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya lura yaran da ake yi wa allurar ruwan jinin doki don maganin cututtuka irin su mashaƙo, jikinsu ya fi saurin tayar da bori a karo na biyu. Shi ya raɗa wa abin sunan da Turawa ke kira har yau, allergy. A 1911 kuma Leonard Noon a asibitin St Mary's na Landan ya fara yi wa masu murar damina allurar bununin ciyawa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, har jiki ya daina ɗaukarsa abokin gaba. Wannan dabarar tana nan ana amfani da ita.

Duk da haka, fiye da shekara hamsin manyan likitoci na yi wa fannin kallon da gwaggona ta yi masa. Ana ganin sakamako, ba a ga abin da ke haddasa shi a jini ba, don haka wasu na ɗaukarsa kusa da canfi. Sai tsakanin 1966 da 1967 miji da mata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Denver ta Amurka, da kuma Johansson da Bennich a Uppsala ta Suwidin, kowanne ta hanyarsa, suka kama sinadarin garkuwar jiki da ke kunna borin. A 1968 aka amince da sunansa IgE. Tun daga ranar da aka iya auna shi a jini, raini ya ragu.

Ta ɗaya gefen kuma wata ƙofa ta buɗe. A 1952 likitan soja Ogden Bruton ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara takwas da cuta ba ta barinsa hutawa, ya gano jininsa babu sinadaran da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, ya riƙa yi masa allurarsu, yaron ya miƙe. A 1968 Robert Good a Minnesota ya yi nasarar dashen ɓargo ga jaririn da aka haifa ba shi da garkuwa kwata-kwata. To a nan ne aka ga cewa mai borin jini da wannan jaririn matsalarsu gida ɗaya ce: ɗaya masu gadinsa sun cika zaƙewa har suna dukan baƙon da bai yi laifi ba, ɗayan kuwa ƙofarsa a buɗe take ba mai gadi. Amurka ta haɗa su a fanni guda, ta kafa hukumar jarrabawarsa a 1971, inda likitan manya ko na yara ke ƙara shekara biyu. Ingila ta bi wata hanya, ta jingina ilimin garkuwa da ɗakin gwaje-gwaje, ɓangaren hasasiyya ya zama maraya, har a 2003 Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da rahoto tana kukan ƙarancin ƙwararru.

Saudiyya a lokacin da ake wannan duka tana kan aza harsashi ne. Kulliyar likitanci ta farko an kafa ta a Riyad a 1967. Na Jidda da Dammam suka biyo a 1975, shekarar da aka buɗe Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad. Dattawanmu sun san zamanin da in ka shiga asibiti a Makka, likitan da za ka tarar Bamisire ne ko Basudane ko ɗan Pakistan. Ɗan ƙasa da ke son ƙwarewa sai dai a tura shi waje, ko ya bi jarrabawar Majalisar Larabawa ta Ƙwarewar Likitoci da aka kafa a 1978 mai mazauni a Dimashƙu. Sai a 1992 aka kafa Hukumar Ƙwarewar Fannonin Lafiya ta Saudiyya, wadda kowa ke kira Hai'a, ta karɓi ragamar horo da jarrabawa da rajistar ma'aikatan lafiya. Manyan fannoni aka fara da su, tiyata da haihuwa da yara da ciwon manya. Ƙananan rassa irin wannan sai daga baya, bayan waɗanda aka tura Kanada da Amurka sun dawo sun isa su koyar da wasu.

Abu biyu ne suka matsa wa ƙasar lamba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko asma. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a biranen Saudiyya ya nuna ta tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1986 zuwa kashi 23 a 1995. Wanda ya rayu a nan a waɗannan shekarun ba sai an ba shi labari ba. Gidaje suka koma rufaffu, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki dare da rana, aka shimfiɗe ɗakuna da kafet daga bango zuwa bango, ga turaren wuta da ba ma rabuwa da shi (mu Hausawa a nan mun fi masu gida ma yawan hayaƙi, in za a faɗi gaskiya). A Jidda laima na raya ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani a katifa da filo. A Riyad busasshiya kuma kyankyaso da mage da guguwar ƙura ne a gaba. Har bishiyar miskit da aka shigo da ita aka jera a bakin tituna don inuwa, bununinta ya zama fitina ga hancin mutane.

Na biyun shi ne ya fi ba fannin nauyi a manyan asibitoci, kuma shi ne ya sa hirar gidanmu ta canza launi a daren nan. Fiye da rabin aure a Saudiyya auren zumunci ne. Yawancin cututtukan rashin garkuwa na gado sai uwa da uba duk suna ɗauke da irin a ɓoye, su lafiyarsu ƙalau, sannan ya bayyana ga ɗa. Kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa abin da likitan Turai zai yi shekaru bai gani ba, likitan Riyad ke gani a kai a kai. Asibitin Sarki Faisal ya fara dashen ɓargo a 1984, kuma jariran da aka haifa ba garkuwa suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa.

'Yar yayata ta kwatanta mana yadda ake gane su: jariri ɗan wata uku ko huɗu, bakinsa fari fat da ƙuraje ba sa jin magani, gudawa ba ta tsayawa, ciwon huhu na tafiya yana dawowa, ba ya ƙiba, kuma in ka tambayi uwar sai ta ce wansa ma haka ya yi ya koma. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Wabi ke nan." Ita ta binne uku kafin yaye, kuma mijinta ɗan baffanta ne. Yarinyar ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, wabi sunan abubuwa da yawa ne. Akwai sikila, akwai zazzaɓi, akwai ƙyanda da yunwa. Amma a cikinsu akwai wannan, kuma in an kama shi da wuri ana warkewa." Ba wanda ya ƙara magana har shayin ya huce.

Gwajin kafin aure da aka wajabta a 2004 ya fi mayar da hankali ne kan sikila da talasimiya, wata cutar ƙarancin jini ta gado, bai kama cututtukan rashin garkuwa ba. Amma akwai inda muryar masana garkuwa ta sauya dokar ƙasa baki ɗaya. Allurar BCG ta tarin fuka ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ga lafiyayyen jariri kariya ce, ga wanda ba shi da garkuwa kuwa tana iya bazuwa a jiki. A 2019 Saudiyya ta ɗage ta daga ranar haihuwa zuwa wata shida, don a samu sararin gane irin waɗannan yaran. Kada mai karatu a Kano ko Damagaram ya ɗauki wannan ya ƙi kai jaririnsa: inda tarin fuka ya yi yawa lissafin daban ne, allurar ranar haihuwa ita ce daidai.

Dogaro da horon waje ya nuna rauninsa a watan Agusta na 2018, lokacin da aka samu saɓani tsakanin Riyad da Ottawa kan wani saƙo da ma'aikatar harkokin wajen Kanada ta wallafa game da wasu da ake tsare da su. Aka umarci ɗaliban Saudiyya su bar Kanada, cikinsu har da likitoci kusan dubu da ke tsakiyar horo. Daga baya aka sassauta wa likitocin. Sai dai kowa ya ga yadda za a iya yanke wa mutum karatun shekaru da sanarwa guda, kuma a ganina hakan ya ƙara wa zamalar cikin gida daraja a idon matasa.

Zamalar dai ba a shigarta sai an gama fannin yara ko na manya. Rabin aikin na gado ne da ɗakin gwaji: karanta ƙididdigar ƙwayoyin jini, ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiya duk bayan mako uku ko huɗu, bin jariri kafin dashe da bayansa. Ɗaya rabin na duba marasa lafiyar da ke zuwa su koma gida ne. Na taɓa raka ɗana gwajin fata. Aka zana lambobi da biro a cikin damtsensa, aka ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo a gefen kowace lamba, na ƙwarin ƙura, na mage, na kyankyaso, na bununi, aka ɗan tsikari fatar ta cikin kowane ɗigo. Minti goma sha biyar muna zaune yana son ya sosa ana hana shi. Wuri biyu suka kumbura kamar cizon sauro, likita ya sa ɗan ma'auni ya auna faɗinsu. Shekara huɗu muna zargin madara da ƙwai muna hana yaro, ashe katifarsa ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zaman waɗannan likitoci. Kujerun horon kaɗan ne, kuma masu fitowa sun taru a manyan asibitocin Riyad da Jidda da gabashin ƙasar, inda sai da takardar turawa ake shiga. Hausawan da ke da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, suna da hanya, har 'ya'yansu na shiga layin horon kamar 'yar yayata. Mai iƙama, wato izinin zama, sai abin da inshorarsa ta yarda da shi. Wanda ba shi da takarda kuwa, mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa ne ko kantin magani, inda za a miƙo masa bakhakha, abin shaƙa na asma mai shuɗin murfi, ko a yi masa allurar kotizon, ya ji daɗi sati biyu ya dawo. Akwai kuma ɗimbin mutanen da aka rubuta wa "hasasiyyar fenisilin" a fayil tun suna yara saboda wasu ƙuraje, alhali in an gwada, tara cikin goma ba su da ita, suna ta shan magunguna masu tsada a banza. Waɗannan duk ba aikin babban asibiti ba ne. Likitan unguwa ne ya kamata ya san lokacin da zai ce a yi gwaji, ya san allurar adirenalin a cinya ita ce farkon abin yi in maƙogwaro ya fara kumbura, ya kuma tsaya ya yi tambaya in uwa ta ce wannan ne na biyu da ke mata haka.

'Yar yayata ta miƙa takardunta ga Hai'a, tana jiran kiran ganawa. Da za ta koma Jidda, gwaggo ta rako ta har bakin ƙofa, ta naɗe hannun rigarta ta nuna mata wani wuri da ke mata ƙaiƙayi duk lokacin da ta sa sabon lalle, ta ce, "In kin zama istishariyar, babbar likita, da ni za ki fara."