Waiwaye: Yadda Fankokin Lantarki Suka Shiga Teku, da Dalilin da Ya Sa Na Saudiyya Ke Kan Tudu

A bakin tekun Jidda, bayan la'asar, iska kan kaɗa har sai mutum ya dafe hularsa. A nan wani dattijo cikin Hausawan garin ya tambayi jikansa, wanda ya nuna masa bidiyon manyan fankoki masu samar da lantarki da ƙarfin iska, tsaye cikin ruwan Ingila: "Kai yaro, to mu nan me ya hana?"

Abin ya faro ne a Denmak. A 1991 aka kafa fankoki 11 a cikin teku kusa da Vindeby, dukansu ba su kai megawat 5 ba (megawat ma'aunin ƙarfin lantarki ne). Sun yi ta juyawa har 2017 aka kwance su. Abin da ya kai mutane cikin ruwa shi ne iskar teku ta fi ta tudu ƙarfi da ɗorewa, ga shi babu rigimar fili. Daga nan aiki ya yi ta girma. Tashar Hornsea 2 ta Ingila, wadda ta kankama a 2022, tana da fankoki 165, tana ba da megawat sama da 1,300.

Saudiyya ba ta bi wannan hanya ba. Babbar tasharta ta farko tana Dumat al-Jandal, can yankin Al-Jauf a arewa: fankoki 99, megawat 400, aikin kamfanonin EDF Renewables da Masdar, ta fara ba da wuta a 2021. Duk a kan tudu.

A ganina lissafin a fili yake. Kafa fanka a teku sai an kawo jiragen ruwa na musamman, a buga ƙaton bututun ƙarfe cikin ƙasan ruwa, a ja kebul har gaɓa, sannan a yi ta fama da gishiri da tsatsa. Turai ta jure wannan tsada ne don fili ya yi mata kaɗan, kuma Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Ingila da Denmak, ba shi da zurfi sosai. Bahar Maliya kuwa, da ka wuce duwatsun murjani sai zurfi, tsakiyarta ta haura mita 2,000. Wanda ke da hamada shimfiɗe iya ganinsa, me zai kai shi can?

Akwai dai fankokin da ke shawagi bisa ruwa, ɗaure da sarƙoƙi, irin biyar ɗin da aka kafa a Hywind ta Skotland a 2017. Su ne suka fi dacewa da ruwa mai zurfi, sai dai har yanzu sun fi kafaffun tsada.